Asusun my Social Security: Yana Nuna Maka Fanshonka, Amma Lissafin Haraji Yana Wuyanka

Akasarin ma'aikata a Amurka ana cire musu kashi 6.2 cikin 100 na albashinsu domin fanshon gwamnatin tarayya da ake kira Social Security, wanda ya ɗauke su aiki kuma yana ƙara wani kashi 6.2 daga aljihunsa, mai sana'ar kansa kuwa shi ke biyan kashi 12.4 ɗin gaba ɗaya. Ana yin wannan cirewa har zuwa wata iyaka ta albashi, wadda a shekarar 2025 ta tsaya a dala 176,100. Hanyar da hukumar fanshon ta tanada domin ma'aikaci ya ga abin da aka rubuta masa da abin da zai karɓa idan ƙarfi ya ƙare ita ce asusun intanet mai suna my Social Security, wanda aka buɗe a shekarar 2012 kuma ba a biyan ko sisi kafin a yi amfani da shi. Na daɗe ina amfani da wannan asusu, kuma ina ganin ya wajaba duk mai aiki a ƙasar ya buɗe shi tun yana da sauran shekarun aiki a gabansa. Sai dai adadin da yake nuna wa mutum a matsayin fanshonsa adadi ne kafin a cire haraji, kuma asusun ba ya taimaka masa ya san nawa zai rage a hannunsa, alhali a kan abin da ya rage ɗin ne dattijo zai tsara rayuwarsa.

Buɗe asusun yana buƙatar haƙuri. Dole mutum ya kai shekara 18, yana da lambar Social Security da adireshin imel, sannan ya bi ta ɗaya daga cikin hanyoyi biyu na tantance mutum, wato Login.gov ko ID.me, inda akan nemi hoton katin shaida, kuma duk lokacin da zai shiga sai ya ƙara wata shaida bayan kalmar sirri, galibi lambar da ake turowa a waya. Dattijon da bai saba da wayar zamani ba zai so a sami wani a kusa da shi a ranar farko. Ban ga laifin wannan tsauri ba, domin ta cikin asusun ake sauya bankin da ake tura fansho, kuma da an sassauta shiga da ɓarayin intanet sun karkatar da kuɗin tsofaffi cikin sauƙi.

Abu mafi amfani a cikin asusun, a ganina, shi ne jadawalin albashi. Shafi ne mara ado: shekara a hagu, sai albashin da aka cire wa harajin fansho a wannan shekara, sai albashin da aka cire wa harajin inshorar lafiya ta Medicare, layi bayan layi tun daga shekarar da mutum ya fara aiki. Idan ka gangara da ido za ka ga rayuwarka ta aiki a cikin lambobi: ƙaramin adadin shekarar farko, shekarar da aka sami ƙarin girma, da shekarar da aka zauna babu aiki inda sifili yake tsaye. Muhimmancin wannan shafi ya samo asali ne daga yadda ake lissafin fanshon. Hukumar tana ɗaukar shekaru 35 da mutum ya fi samun albashi, ta daidaita su da yadda albashi ya tashi a ƙasar, ta fitar da matsakaici, kuma idan shekarun aikin ba su kai 35 ba sai a cike gurbin da sifili. Wanda ya shigo ƙasar yana ɗan shekara 40 ya yi aiki shekara 25 yana da sifili goma a cikin lissafinsa, kuma kowace shekarar aiki da ya ƙara tana goge ɗaya daga cikinsu. Kafin ma a kai ga wannan, sai mutum ya tara maki 40, kuma ba a samun fiye da huɗu a shekara, wato aƙalla shekara goma ta aiki. A 2025 kowane maki ɗaya yana buƙatar albashin dala 1,810.

Kuskure yana shiga wannan jadawali, musamman idan sunan da wurin aiki ya aika bai yi daidai da sunan da ke kan katin lambar ba, abin da ya fi samun masu sunayen da ake rubutawa ta hanyoyi daban-daban da matan da suka sauya suna bayan aure. A ƙa'ida, lokacin gyara shi ne shekara 3 da wata 3 da kwana 15 bayan shekarar da aka yi aikin. Akwai togaciya da ke ba da damar gyara bayan wannan wa'adi, amma neman takardar albashi ta W-2 daga kamfanin da ya rufe tun shekara ashirin da suka wuce wahala ce da duba shafin sau ɗaya a shekara zai kawar. Ko da asusun ba ya yin komai sai nuna wannan jadawali, da ya cancanci a buɗe shi.

Sashe na biyu shi ne ƙiyasin fansho. Tun daga gyaran da aka yi a 2021 wa takardar bayanin fansho da hukumar ke nuna wa mutum a cikin asusun, ana nuna ƙiyasin ne da zane mai sanduna tara, ɗaya ga kowace shekara daga 62 zuwa 70, kowace sanda da adadin wata-wata a gefenta. Wannan zane ya yi aikin da dogon bayani ya kasa yi. Ga wanda aka haifa a 1960 ko bayanta, cikakken shekarun ritaya 67 ne. Idan ya fara karɓa a 62 za a rage masa kashi 30 cikin 100 har ƙarshen rayuwarsa, idan kuma ya jinkirta bayan 67 ana ƙara masa kashi 8 a kowace shekara har zuwa 70. Saboda haka mai haƙƙin dala 2,000 a wata yana iya karɓar 1,400 ko 2,480, gwargwadon lokacin da ya zaɓa. Ya kamata mai dubawa ya sani cewa ƙiyasin yana ɗauka ne cewa zai ci gaba da samun albashi irin na yanzu har ranar da zai fara karɓa, don haka wanda ke shirin barin aiki a 58 ya jira har 67 zai ga adadin da ya fi nasa na gaskiya. Hukumar ta tanadi maganin wannan, domin akwai na'urar lissafi a cikin asusun da ke barin mutum ya sauya albashin da yake sa ran samu nan gaba, ya zaɓi shekarar ritaya, ya kuma kwatanta da haƙƙin da zai samu ta hanyar abokin aurensa. Tana aiki da sauri kuma ba ta da rikitarwa.

Daga nan ne gazawar take farawa, kuma ba za a fahimce ta ba sai an koma ga gyaran dokar 1983. Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar fanshon a ranar 14 ga Agusta 1935, kuma shekaru da dama ba a ɗora wa kuɗin harajin kuɗin shiga ba. A farkon shekarun 1980 asusun biyan fanshon ya kusa ƙarewa, sai Shugaba Ronald Reagan ya kafa kwamiti a ƙarƙashin jagorancin Alan Greenspan, wanda shawarwarinsa suka zama ginshiƙin dokar da aka sa wa hannu a Afrilun 1983. Dokar ta ɗaga cikakken shekarun ritaya sannu a hankali daga 65 zuwa 67, ta shigar da sababbin ma'aikatan gwamnatin tarayya cikin tsarin, sannan ta ce daga 1984 har rabin fanshon mutum yana iya shiga cikin kuɗin da ake lissafa wa haraji idan kuɗin shigarsa ya wuce dala 25,000 ga mai cike takardar haraji shi kaɗai, ko 32,000 ga ma'auratan da suka cike tare. A 1993 aka ƙara mataki na biyu: idan aka wuce 34,000 ga mutum ɗaya ko 44,000 ga ma'aurata, har kashi 85 cikin 100 na fanshon yana iya shiga lissafi. Mutane da yawa suna ruɗewa a nan, suna zaton za a kwashe kashi 85 na kuɗinsu ne. Abin da dokar ke nufi shi ne wannan kaso ana haɗa shi da sauran kuɗin shiga, sannan a ɗora masa harajin da ya dace da matakin mutum.

Kuɗin shigar da ake auna waɗannan iyakoki da shi yana da nasa lissafi: a haɗa sauran kuɗin shiga na shekara, da ribar takardun lamuni da ba a biya wa haraji, da rabin fanshon kansa. A ɗauki misalin wata dattijuwa da ke zaune ita kaɗai, tana karɓar dala 24,000 a shekara daga Social Security, tana kuma cire 20,000 daga ajiyar ritayar da ta tara a wurin aiki. Idan aka haɗa 20,000 da rabin fanshon, wato 12,000, an sami 32,000. Ta wuce iyakar farko da 7,000, don haka rabin wannan, dala 3,500 na fanshonta, zai shiga lissafin haraji. Yanzu a ce rufin gidanta ya lalace, ta ciro ƙarin dala 10,000 daga ajiyar a wannan shekara. Jimillar ta koma 42,000, kuma abin da zai shiga lissafi daga fanshonta ya tashi zuwa 11,300. Ta ƙara cire 10,000 ne kawai, amma kuɗin da ake lissafa mata ya ƙaru da 17,800, saboda da zarar an wuce 34,000 kowace dala ɗaya da ta shigo tana janyo senti 85 na fansho tare da ita. Wanda yake matakin harajin kashi 12 cikin 100 a zahiri yana biyan sama da kashi 22 a kan irin wannan ƙarin. Da dattijuwar ta san haka, da ta raba cirewar tsakanin Disamba da Janairu, ko ta nemi wata hanyar biyan kuɗin gyaran. Babu wani wuri a cikin asusun da zai nuna mata wannan da lambobinta.

Abin da ya sa batun ya girma shi ne iyakokin nan huɗu ba a taɓa ɗaga su ba tun da aka kafa su. Fanshon kansa ana ƙara shi kowace shekara saboda hauhawar farashi, kashi 8.7 a 2023, kashi 3.2 a 2024, kashi 2.5 a 2025, matakan harajin kuɗin shiga ma ana daidaita su, amma 25,000 ta 1984 tana nan yadda take, ko da yake abin da take saye a wancan lokaci sai an kashe sama da dala 70,000 kafin a same shi yau. A farko kusan mutum ɗaya cikin goma na masu karɓa ne harajin ya shafa, yanzu kuwa hukumar da kanta tana cewa kusan kashi 40 cikin 100 ne. Ni ban ƙi ɗora haraji a kan fansho ba. Mai karɓar fanshon kamfani yana biya, kuma ba adalci ba ne a ce wanda yake da dukiya mai yawa ya karɓi kuɗin gwamnati ba tare da an taɓa shi ba yayin da matashin ma'aikaci ake cire masa daga dalar farko. Bugu da ƙari, kuɗin da ake tarawa daga matakin farko yana komawa ne asusun fanshon, na mataki na biyu kuma yana tafiya asusun asibiti na Medicare, wato tsofaffin ne ke amfana da shi. Abin da nake ƙi shi ne yadda harajin yake sauka kowace shekara zuwa kan masu matsakaicin hali ba tare da wani ɗan majalisa ya tashi ya kare hakan a bainar jama'a ba. Idan har haka dokar za ta ci gaba da zama, mafi ƙarancin abin da ma'aikaci yake bin gwamnati shi ne a nuna masa tasirinta tun kafin ya yanke shawarar ranar ritaya.

Za a iya kare hukumar da cewa haraji aikin IRS ne, wato hukumar tara haraji ta tarayya, kuma ita ba ta san abin da mutum yake da shi a ajiya ko a hannun jari ba. Wannan gaskiya ne, amma bai isa hujja ba. Na'urar lissafin da ke cikin asusun ta riga ta karɓi adadin da mutum ya rubuta da hannunsa game da albashin gaba, don haka babu abin da zai hana ta tambayi ƙiyasin sauran kuɗin shiga da yanayin aure, ta yi lissafin da na yi a sama, ta rubuta a fili cewa ƙiyasi ne. A halin yanzu abin da ake samu shi ne bayani na gaba ɗaya cewa fanshon yana iya jawo haraji, sai mutum ya je ya nemo takardar IRS mai lamba 915 ya cike jadawalinta da kansa. Haka kuma sandunan ba sa nuna kuɗin inshorar Medicare sashe na B da ake cirewa kai tsaye daga fanshon, wanda a 2025 ya kai dala 185 a wata ga yawancin mutane.

Ga wanda ya riga ya fara karɓa, asusun ya fi taimakawa ta wannan fuska. Yana iya sauke takardar SSA-1099 da ake fitarwa kowane Janairu, wadda ke nuna jimillar abin da aka biya shi a shekarar da ta gabata, da takardar shaidar kuɗin shiga da masu gidan haya da bankuna suke nema, da sanarwar ƙarin shekara. Ana kuma iya neman a riƙa cire haraji daga fanshon kowane wata domin kada bashi ya taru zuwa Afrilu, watan da wa'adin cike takardar haraji yake cika, kuma takardar W-4V ta ba da zaɓi huɗu kawai: kashi 7, 10, 12 ko 22. Wanda bai san nawa zai biya ba, ban ga yadda zai zaɓi wanda ya dace da shi a cikin huɗun ba.

Shekarar 2025 ta kawo sauye-sauye biyu da suka shafi yadda ya kamata a karanta lambobin. A ranar 5 ga Janairu Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta soke ƙa'idoji biyu da suke rage fanshon malaman makaranta, 'yan sanda, 'yan kwana-kwana da sauran ma'aikatan gwamnati da ke karɓar wani fansho daga aikin da ba a cire masa harajin Social Security ba. Kafin sokewar, ƙiyasin da irin waɗannan ma'aikata suke gani yakan fi abin da za su karɓa, saboda ba a sa ragin a cikinsa ba, kuma da yawa sai a bakin ritaya suke ganewa. Yanzu adadin da suke gani ya kusanci gaskiya, ko da yake ƙarin da suka samu zai tura wasunsu sama da iyakokin haraji. Sauyi na biyu ya zo a dokar harajin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yuli, wadda ta ba duk ɗan shekara 65 zuwa sama ƙarin rangwamen dala 6,000 daga kuɗin da ake lissafa wa haraji. An yi ta yaɗa cewa an soke haraji a kan fansho, amma ƙa'idojin 1983 da 1993 suna nan daram. Rangwamen na shekarun 2025 zuwa 2028 ne, yana raguwa idan kuɗin shiga ya wuce 75,000 ga mutum ɗaya ko 150,000 ga ma'aurata, kuma wanda ya fara karɓa a 62 ba ya samun sa sai ya kai 65. Mai shekara 55 a yau bai kamata ya gina shirinsa a kansa ba.

Akwai kuma maganar ɗorewar tsarin. Rahoton 2025 na amintattun da ke kula da kuɗin fanshon ya ƙiyasta cewa ajiyar da ake biyan fanshon tsufa daga cikinta za ta ƙare a 2033, kuma daga nan kuɗin da ke shigowa zai isa a biya kashi 77 cikin 100 ne kawai na abin da aka yi alkawari, idan majalisa ba ta yi komai ba. Takardar bayanin tana faɗa cewa ƙiyasinta ya dogara ne a kan dokar yanzu kuma majalisa tana iya sauya ta, amma jimla ce da ido ke tsallakewa a kusa da manyan sanduna masu lambobi. Na fi son a ce kowace sanda tana da ƙaramar alama da ke nuna inda kashi 77 ya tsaya. Ina kyautata zaton majalisa za ta yi gyara kafin lokacin, kamar yadda ta yi a 1983, kuma hanyoyin sanannu ne: ɗaga iyakar albashin da ake cire wa haraji, ƙara kason da ake cirewa, sake ɗaga shekarun ritaya, ko rage haƙƙin masu hali. Kowanne yana da wanda zai ɗauki nauyinsa, kuma masu kiran a soke harajin fansho gaba ɗaya ya kamata su faɗi inda za a samo kuɗin da zai maye gurbinsa, domin cire shi zai matso da ranar ƙarewar ajiyar kusa.

Rukunin da asusun ya fi bari a cikin duhu shi ne baƙin da suka yi aiki a Amurka suna da niyyar komawa ƙasashensu bayan ritaya. Ɗan ƙasa yana iya karɓar fanshonsa a yawancin ƙasashen duniya, amma wanda ba ɗan ƙasa ba ana iya dakatar da biyansa idan ya yi wata shida a jere a waje, sai idan ya shiga cikin wata togaciya da ta danganci ƙasarsa ko tsawon aikinsa. Hukumar tana da wata na'urar tantancewa dabam a shafinta domin wannan tambaya, kuma ya kamata a yi amfani da ita tun kafin a sayi tikiti. Ta fuskar haraji kuma, wanda dokar haraji ba ta ƙara ɗaukarsa mazaunin Amurka ba, iyakokin 25,000 da 32,000 ba su shafe shi ba ko kaɗan. Ana cire masa kashi 30 cikin 100 daga kashi 85 na fanshonsa tun kafin kuɗin ya fito, wato kashi 25.5 na jimillar, sai idan ƙasar da yake zaune tana da yarjejeniyar haraji da Amurka wadda ta rage ko ta ɗauke wannan, kuma takardar da yake samu a ƙarshen shekara ita ce SSA-1042S. Wanda sandarsa ta nuna dala 1,400 a wata zai ga 1,043 a banki. Asusun ba zai yi masa wannan lissafi ba, don haka ya yi shi da kansa, ko ya nemi ƙwararren mai lissafin haraji, kafin ya mayar da katin izinin zamansa.